Yajin da Ta Bari a Cikin Inji

A shekarar da Allah ya karɓi ran uwargidana, damina ta yi ƙarfi a Gusau, har garun makwabcinmu na gabas ya zauna. Ta rasu gero yana fitar da kai, 'yarmu ta fari kuma tana da tsohon ciki a gidan mijinta can Nahuce, ta ƙasar Bungudu. Wannan ciki mun daɗe muna roƙon Allah shi. Shekaru sun tafi bayan aurenta babu ko ɓatan wata, har mutane suka gaji da tambaya, mu kuwa ba mu gaji da roƙo ba.

Da yake 'yar fari ce, ni da uwarta ba mu taɓa kama sunanta ba. Haka muka taso muka tarar ana yi. Uwar takan ce "yarinyar nan", ni kuma tun da aka kai ta ɗaki nake cewa "ta Nahuce". In ta zo gida, daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe ni, in amsa ina kallon allon da ke kan cinyata, in tambayi lafiyar mijinta da yadda gonarsu ta yi, shi ke nan magana ta ƙare. Uwarta ma ba ta zama da ita su yi hira a gaban mutane.

Amma tun da labarin cikin ya tabbata, sai na ga uwargida ta shiga wani shiri ba tare da ta faɗi na wane ne ba. Ta sa aka share ƙaramin ɗakin da muke tara tarkace. Ta sayi itace aka jibge a gindin garu, aka lulluɓe da leda saboda ruwa. Ta fito da babbar tukunya ta goge ta da toka. A al'adarmu, haihuwar fari, bayan suna gidan iyaye ake kawo mai jego ta yi wankan kwana arba'in a hannun uwarta. Ni na san haka, ita ta san na sani, babu wanda ya ce wa wani komai.

Sai kuma yaji. Duk ranar da ta aika kasuwa sai an sayo mata wani abu kaɗan: yau citta, gobe kanumfari, jibi masoro da kimba. Ta tsince su a faifai, ta shanya in rana ta leƙo, ta kwashe da gudu in hadari ya taso. Ba ta yarda da yajin jego na kasuwa ba. Tana da nata ma'auni da ta koya wurin kakarta, kuma ban taɓa jin ta faɗa wa kowa ba.

Da can a turmi take dakawa. Da kafaɗarta ta dama ta fara ciwo, tabarya ta gagare ta, sai ɗanmu da ke aiki a Kaduna ya aiko mata da ɗan injin markaɗe na lantarki, irin wanda yara ke ce wa bilanda. Yana da gindi mai igiyar wuta, da kofi na roba mai haske da ake ɗorawa a kai, da murfi da ake murɗawa ya kulle. Da fari ta raina shi, ta ce ihu kawai ya iya. Daga baya sai ta saba, har ta ɗinka masa ƙyallen rufewa.

Murfin nan tun yana sabo mai gardama ne. In ta gama niƙa, ina zaune a rumfa ina rubutu, sai in ji muryarta daga madafa: "Malam, zo riƙe mini." In ajiye alƙalami a bakin kurtun tawada, in je in kama kofin da hannu biyu. Ni mutum ne mai saurin atishawa, don haka kullum nakan kawar da fuskata gefe in runtse ido saboda barkono. Can sai in ji ƙas, ya buɗe. Ta ce, "To, koma ga karatunka, an gode da jarumta." Ban san sau nawa muka yi haka ba.

Wata rana bayan azahar aka kawo wuta, ta tashi da sauri ta zuba kayan yajin ta kunna. Bai jima yana kuka ba aka ɗauke wutar. Ta ɗaga kofin ta girgiza, ta duba ta jikin roba, ta ce bai yi laushi ba, in wuta ta dawo ta ƙarasa. Ta ɗora shi can saman kantar madafa bayan tukwane. Da yammacin ranar zazzaɓi ya rufe ta. Muka kai ta asibiti, ta ɗan kwana biyu a can, Mai ita ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta.

Gida ya cika da masu gaisuwa, har tabarma ta yi kaɗan. Ta Nahuce ta zo da cikinta, na hango ta cikin mata, aka mayar da ita da wuri saboda nauyin jiki. Sannan mutane suka fara raguwa. 'Ya'yana maza suka koma wuraren aikinsu, kowa ya ce in biyo shi, na ce ina zan kai allunana da masallacina. Makwabta suka ɗauki nauyin abincina, Allah ya saka musu. Da rana kwano ya shigo, da dare kwano ya shigo. In ci a rumfa, in wanke hannu, in kife murfi. Abin da ban sani ba sai a lokacin, ashe yawancin motsin gida daga madafa yake fitowa. Ƙarar ludayi a bakin tukunya, tsakin da take yi wa kaji, tarin hayaƙi. Da waɗannan suka ɗauke, sai na riƙa jin ɗigar ruwa daga indararo kamar a cikin kunnena yake sauka.

Ba a daɗe ba aka bugo waya daga Nahuce, ta sauka lafiya, an samu mace. Ranar suna na je da sassafe na zauna cikin maza a ƙofar gida. Mijinta mutumin kirki ne, ya sa wa jaririyar sunan marigayiya. Da liman ya ɗaga murya ya faɗi sunan, sai na sunkuyar da kai ina gyara carbi, domin tun ranar jana'iza ban ji an faɗe shi da ƙarfi ba. Ban shiga ciki ba, ba a kuma yi tsammanin in shiga ba.

Gidan da babu mace ba a kai masa mai jego. Sai dangi suka yanke a kai ta wurin yayata, wadda ke zaune a 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, ta yi wankan a can. Wanda zai je Tsafe daga Bungudu dole ya ratsa Gusau. Ranar da aka wuce da su ina gida, na san motarsu ta bi ta babban titi, tafiyar ƙafa kaɗan daga ƙofata. Na zauna a rumfa ina kallon itacen da ke gindin garu, ledar da aka rufe shi ta tara ruwa a tsakiya.

Bayan wasu kwanaki na shiga madafa neman ashana. Ina lalube a saman kanta hannuna ya taɓa ƙyalle. Na sauko da shi, sai ga kofin injin, yaji ya kai rabinsa, ja-ja da ɗan duhu, yadda ta bar shi. Na daɗe a tsaye da shi a hannu. Har ga Allah na manta da shi, duk masu shara da wanke-wanken zaman makoki ma ba su kai hannu wurin ba.

Nan take na san abin da zan yi. Zan juye shi a gwangwani mai tsabta, in ɗaure a leda, in ba wani direban da ke bin hanyar Tsafe ya miƙa wa yayata. Ba sai na ce komai ba. In ta Nahuce ta ɗanɗana za ta san hannun da ya haɗa shi. Abin da ya rage dai shi ne ya isa gare ta tana cikin jego, kafin arba'in ta cika a mayar da ita ɗakinta, kuma ya isa yadda uwarta ta bar shi.

Na yi bismilla na murɗa murfin. Ko motsi. Na matse kofin tsakanin gwiwoyina na sa hannu biyu, na naɗe shi da gefen rigata na sake gwadawa, har tafin hannuna ya yi ja. Gishirin da ke cikin yajin ya sha laimar damina, ya shiga tsakanin murfi da baki ya daskare kamar an yi masa siminti. Washegari na ɗauko wuƙar da nake fiƙe alƙalami na zura bakinta ƙarƙashin murfin na ɗan banƙara. Wani ɗan ɓallin roba ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Na ajiye wuƙar, ban sake ba.

Makwabcina Alhaji, wanda muke sahu ɗaya a masallaci tun muna da baƙin gemu, ya shigo ya same ni da shi a cinya.

"A'a, Malam, mi kake yi da kayan mata? Girki munka fara?"

Na faɗa masa murfi ne ya ƙi. Ya naɗe hannun riga, ya ce shi da ya yi dambe da ƙuruciya wanga abu ba zai ba shi kunya ba. Na riƙe, ya murɗa, ya yi nishi, hularsa ta faɗi. Ya zauna yana haki.

"Wallahi aljani ne a ciki. Malam, wagga alama ce. Allah na nuna maka ka nemo mai buɗe maka murfi."

Ya yi dariya shi kaɗai, da ya dubi fuskata sai ya bari, ya ce Allah ya jiƙan ta. Ya ce in kawo ya shiga da shi wurin iyalinsa, mata sun san kan abinsu. Na yi godiya na ce a bari tukuna. Na san matan gidansa, mutanen arziki ne. In suka buɗe za su ɗanɗana, su ce gishiri bai ji ba, su ƙara wannan su ƙara wancan don su kyautata wa marainiya. Ya dawo mini da daɗi, amma ba nata ba.

Na naɗe shi a jaka na kai wa wani mai gyaran fanka da rediyo a bakin kasuwa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Baba, sai dai a sa zarto. Kofi ai ana samun wani."

Na ce garin robar fa, ina zai zuba?

"To a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa."

Na nuna masa inda wuƙata ta ɓalle robar, na ce in ruwa ya shiga fa?

Ya dube ni, ya dubi abokin zamansa. "Baba, yaji ne fa. Ga shi can tuli cikin kasuwa, ko buhu kake so."

Gaskiya ya faɗa, ban yi masa musu ba. Na karɓi kayana na yi masa sallama.

Haka kofin ya zauna a ɗakina kusa da littattafai. In na dawo daga sallar asuba in gwada, in na idar da la'asar in gwada. Na riƙa tuna yadda muke yi da ita, sai na gane abin da hannuna ke yi kawai na sani. Abin da nata hannun ke yi a sama ban taɓa gani ba, kullum idona a rufe yake, fuskata tana gefe. Kwanaki kuma suna tafiya. Na fara ganin dawa ta yi ja a gonakin bayan gari.

Ana nan yayata ta bugo waya. Ita ba ta iya sannu ba tun muna yara.

"Kai wane irin ango ne? An kawo maka amarya har ta fara ƙiba ba ka leƙo ba. Arba'in ta kusa, in sunka koma Nahuce sai ka bi su can."

Jikar take nufi. Na ce ina nan tafe in Allah ya so.

Na naɗe kofin da wani tsohon mayafin marigayiya, na shiga mota a tasha. Yaron mota ya ce in kawo a sa a baya, na ce a'a, a cinya zan riƙe. Hanyar yanzu ba yadda muka san ta da ba ce, kowa a motar bakinsa na motsi da addu'a. Ni kuma har da tunanin abin da zan ce wa ta Nahuce. Tun da aka haife ta ban taɓa miƙa mata abu hannu da hannu ba, ta wurin uwarta komai ke bi.

Na isa 'Yandoto da hantsi. A tsakar gidan yayata ga tukunyar wanka a kan murhu, ganyen dogon yaro na tafasa a ciki. Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa. Yayata ta fito da jaririyar ta dangwara mini a cinya.

"Ga matarka. Dubi hancin, naku ne, Allah ya kyauta."

Na yi mata addu'a na tofa. Ta buɗe ido ta dube ni kamar mai tambayar me na kawo. Sannan uwarta ta fito daga ɗaki a hankali, ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa.

"Baba, sannu da hanya."

Na amsa, na yi mata barka, na tambayi jiki. Yayata ta karɓi jaririyar, idonta ya sauka kan ƙunshin da ke gefena.

"Wancan fa? Kayan lefe ne?"

Na kwance mayafin. Tun kafin in gama, ta Nahuce ta gane mayafin, ta kuma gane kofin. Na ji numfashinta ya canja. Ban dube ta ba, yayata nake kallo, na ce, "Ita ta haɗa, kafin ta kwanta. Wuta ce aka ɗauke ba ta ƙarasa ba. Murfin ya gagare ni."

Yayata ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa. Ban taɓa ganin haka daga gare ta ba.

Ta Nahuce ta matso da gwiwa, ta ɗauki kofin ta duba bakinsa, ta shafa inda ya ɓalle da ɗan yatsa. Ta ce, "Gwaggo, a ba ni tsumma." Ta tsoma tsumman a ruwan wanka, ta matse shi sosai har ya daina ɗiga, ta naɗe murfin da shi. Da ya huce ta sake tsomawa. Ta ɗauki ludayi ta bi gefen murfin tana ɗan bugawa a hankali. Ta gwada, hannunta ba ƙarfi, kofin ya juya tare da murfin. Ta dubi gwaggonta, ga jaririya a hannunta. Sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, riƙe mini."

Na kama da hannu biyu. Wuyana ya fara juyawa gefe da kansa yadda ya saba, na hana shi. Na ga ta ɗora tudun hannunta a tsakiyar murfin, ta danna shi ƙasa da nauyin jikinta kamar mai son ƙara rufewa, sannan ta murɗa.

"Inna ta ce ba a jan shi sama. Sai an danna yake saki."

Ƙas.

Ƙamshin ya tashi gaba ɗaya, citta da kanumfari da wani abu da ban san sunansa ba, wanda a madafar gidana kaɗai nake jin sa. Na yi atishawa har uku. Yayata ta ce, "Alhamdu lillahi, jarumi ya faɗi." Ta Nahuce ta lakato da yatsa ta sa a harshe, ta ja mayafin uwarta ta rufe fuska. Muka bar ta. Idona ni ma ya kawo ruwa, yayata ta ce barkono ne, na ce shi ne.

Yajin bai lalace ba, sama-sama ne kawai ya ɗan dunƙule. Yayata ta juye a turmi ta ƙarasa dakawa, ba ta ƙara ko ƙwayar gishiri ba, ina zaune ina gani. Da aka kawo wa mai jego tuwo da ƙauri, da shi ta ci. Daga inda nake ina jin yayata na cewa, "Ci a hankali, ke da Inna ƙarama za ku raba," domin jaririyar ma ba mai iya kiran sunanta a gidan.

Da la'asar na tashi tafiya. Yayata ta raka ni zaure, ta ce, "An ce akwai itace jibge a gidanka. Ko shi ma murfi gare shi?" Na ce gobe zan sa a kawo. Ta Nahuce ta biyo mu da kofin, ta wanke shi ta goge, ta miƙo mini tare da ɗan ƙulli a leda.

"Baba, ka riƙa sawa a tuwo."

Na karɓa daga hannunta. Mayafin ban tambaya ba, ita ma ba ta kawo ba.

Na shiga Gusau ana kiran magariba. Bayan salla kwanon makwabta ya shigo, tuwon masara da miyar kuka. Na kwance ƙullin na barbaɗa kaɗan, na ci a rumfa. Washegari aka zo da mota aka kwashe itacen, gindin garu ya zama fili, sai shatin inda ya zauna da 'yan ƙwari suna neman mafaka.

Kafin in mayar da kofin saman kanta, na rufe shi na matse tsakanin gwiwoyina, na ɗora tudun hannu na danna, na murɗa. Ya buɗe ba gardama. Babu komai a ciki, amma ƙamshin ya kama robar, wanki bai fitar da shi ba. Na ɗora murfin sama-sama ban kulle ba, na rufa masa ƙyallensa.